Wai Fuskar Wa Na'ura Take Zana Mana?

Ku faɗa mani tsakani da Allah, wace ce a cikinmu ba ta taɓa sayen littafi don bangonsa kawai ba? Ido ke fara soyayya kafin zuciya ta karɓa. Shi ya sa yau na ajiye labari, na ɗauko maganar hoto, da wannan sabuwar aba da ake kira ƙirƙirarriyar basira, wato AI, wadda ta shigo mana har cikin ɗaka.

A zamanin da su Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da Anti Bilkisu Funtuwa suka fara tashe, mai zane ake kai wa aikin bango. Zai zauna da alƙalami da fenti ya fitar da budurwa da ɗaurin ɗankwalinta. Wani lokaci hannun ya karkace, wani lokaci idon ya yi girma, amma kina gani kin san 'yar gida ce. Daga baya aka koma liƙa hotunan 'yan fim. To yanzu kuma waya ce mai zanen.

A watan Janairu na 2021 kamfanin OpenAI na Amurka ya nuna wa duniya DALL-E, manhajar da za ki rubuta mata magana ta mayar maki da hoto. A 2022 Midjourney da Stable Diffusion suka biyo baya. A watan Afrilu na 2024 kuwa Meta AI ta iso Najeriya a cikin WhatsApp, ta yadda yarinyar da ke zaune a Rafindadi ko Ƙofar Marusa za ta iya yin hoto kafin ruwan shayi ya tafasa. Akwai kuma masu gyaran hoto irin su Remini, waɗanda ke wanke hoton da ya dushe.

To yaya take yi? Ba aljani ba ne, 'yar uwa. Hotuna aka tara mata daga intanet, kowanne da bayaninsa, ta yi ta kallo har ta gane me ke tafiya da me. Rumbun LAION, wanda aka ɗebi wani ɓangarensa aka koyar da Stable Diffusion, ya ƙunshi hotuna sama da biliyan 5. In kin ba ta umarni sai ta fara da dishi-dishi kamar hazon hunturu, ta riƙa share shi kaɗan-kaɗan har siffa ta fito. Kin ga ke nan abin da ta fi gani shi za ta fi zanawa. Mu kuwa hotunanmu nawa ne a cikin wannan tulin?

Lokacin da nake shirin fitar da littafina na uku na gwada wata daga cikinsu. Na ce ta zana mani ɗiyar Katsina da atamfa da mayafi da lalle, tana tsaye gaban Hasumiyar Gobarau. Wallahi da hoton ya fito dariya ta kama ni. Yarinya ce fara sol, hanci kamar biro, gashi ya zubo har baya, sai ka ce daga fim ɗin Indiya ta fito. Hasumiyar kuwa an yi mata ƙubba mai ƙyalli irin ta ƙasashen Larabawa. Ina Gobarau tamu ta jar ƙasa, mai tsawon kimanin ƙafa 50, wadda ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau? Na'ura ba ta san ta ba, kuma ba ta ce mani ba ta sani ba, sai ta yi mani cikon da ta ga dama.

Kada ki ce ni kaɗai ce. A 2023 kafar Bloomberg ta sa Stable Diffusion ta zana hotuna sama da 5,000 na masu sana'o'i daban-daban. Sai aka ga manyan ayyuka masu albashi mai tsoka yawanci masu hasken fata take ba wa, ƙananan ayyuka kuma ta bar wa masu duhun fata. A shekarar dai wata ɗaliba 'yar asalin Asiya a jami'ar MIT ta Amurka ta nemi wata manhaja ta gyara mata hotonta ya dace da neman aiki. Sai ta haskaka mata fata ta sa mata shuɗin ido.

Nan ne fa abin ya dame ni. Yarinya baƙa kyakkyawa, mai wushirya, za ta sa hotonta a gyara. A siranta mata hanci, a goge duhunta, a toshe wushiryar. Ta kalli waya, ta kalli madubi, sai ta ji madubin ne ya cuce ta. Daga nan sai neman man shafe-shafe. Wata kuma wannan hoton za ta tura wa saurayi, ranar da ya zo zance ya yi ta waige-waige yana neman ta waya. Haba 'yar uwa! Ramin ƙarya ai ƙurarre ne. Wanda ya so hoton da na'ura ta ƙera, ba ke ya so ba.

Ko wanke tsohon hoto ma a yi hattara. Inda ya dushe, na'ura cinta take yi ta cike. Za ki iya ba ta hoton kakarki ta dawo maki da shi tas, amma tsagen fuskarta ya tafi. Ki adana na asalin, shi ne gaskiyar.

Akwai wadda ta fi wannan muni, dole in faɗa. A watan Satumba na 2023, a garin Almendralejo na ƙasar Sifaniya, 'yan mata 'yan makaranta sama da 20 suka tarar ana yaɗa hotunansu na tsiraici, alhali ba su taɓa ɗaukar irinsu ba. Samari ne suka kwashi hotunansu na yau da kullum suka sa a manhaja. A 2024 kotu ta hukunta yara 15 a kan haka. To ki auna da garinmu, inda magana ɗaya kan fasa aure. Saboda haka ki san wanda kike tura wa hotonki. Kada ki watsa hotunan ƙawayenki na biki ba da izininsu ba. In wani ya yi maki barazana da hoton ƙarya, kada ki biya shi, kada ki ɓoye. Ki gaya wa Inna ko Yaya, a kai wa 'yan sanda, don Najeriya tana da dokar laifuffukan intanet tun 2015. Ke kuma da aka turo wa, ki goge. Ba duk abin da ido ya gani ba ne gaskiya yanzu.

Ban ce a jefar da ita ba. Mai ɗinki za ta iya gwada launukan leshi kafin ta sa almakashi, mai lalle ta samu sabon tsari, marubuciya ta ga fasalin bangonta kafin ta je maɗaba'a. Amma ke ce uwar ɗaki, ita 'yar aike ce. Ki faɗa mata launin fatar da kike so dalla-dalla. In ta kawo baƙuwar fuska ki ƙi karɓa. In ya yiwu ki kai wa mai zanen unguwarku ya gyara, shi ma ya samu na cefane.

Mu 'yan ta Dikko ɗakin kara da kunya aka san mu. To mu ji kunyar aron fuska, kada mu ji kunyar wadda Allah ya ba mu. Ina jiran wasiƙunku a kan wannan batu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.