Spectre: Ɓarakar da Ta Raunana Katangar Shafukan Intanet

Manhajojin shiga intanet irin su Chrome da Firefox suna bin wata tsohuwar doka: babu shafin da ke da ikon karanta bayanan wani shafin, ko da an buɗe su lokaci guda. Kamfanin Netscape ne ya assasa ta a 1995. Ita ce ta sa mutum ke buɗe shafin bankinsa da na labarai tare, ba tare da na biyun ya ga kalmar sirrin na farkon ba.

A watan Janairun 2018 masu bincike, ciki har da Jann Horn na Google da Paul Kocher, suka bayyana wata ɓaraka da aka raɗa wa suna Spectre. Tushenta yana cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta ne. Don neman sauri, ƙwaƙwalwar takan hasashi umarnin da zai biyo baya, ta fara aiwatar da shi tun kafin ta tabbatar ya halatta. In hasashen ya kuskure sai ta soke aikin, amma sawunsa yana nan a ƙaramar ma'ajiyarta ta kusa. Abin da ke cikin wannan ma'ajiya ya fi saurin ɗaukowa, saboda haka mugun shafi zai iya auna lokaci da 'yan layukan JavaScript, bambancin saurin ya tona masa sirri kaɗan-kaɗan. A wancan lokaci shafuka daban-daban sukan zauna a sashen aiki guda, kamar 'yan haya a ɗaki ɗaya da labule kawai ya raba.

Matakin gaggawa shi ne dusashe agogon da shafuka ke aunawa da shi. Wannan rage zafi ne kawai. Gyaran da ya fi inganci ya zo da Chrome 67 a 2018, inda aka ware wa kowane gidan yanar gizo sashen aikinsa, duk da cewa hakan ya ƙara cin ma'ajiyar aiki da kashi 10 zuwa 13 cikin ɗari. Saboda wannan nauyi, a wayoyin Android an fara ne da shafukan da ake shigar da kalmar sirri. Firefox ta biyo baya a 2021 da tsarin Fission.

A shekarar ce kuma harin Spook.js ya nuna sauran giɓi: ƙananan shafukan da ke ƙarƙashin babban adireshi ɗaya, kamar na Tumblr, suna iya faɗawa sashe guda, ɗaya ya leƙi ɗaya.