Mutum 23 Sun Isa: Abubuwan Mamaki Kan Ranar Haihuwa

A tara mutum 23 a ɗaki ɗaya, a tambayi kowa rana da watan da aka haife shi, ban da shekara. Yiwuwar a sami biyu da ranarsu ta zo ɗaya ta ɗan haura rabi, kashi 50.7 cikin 100. Duk wanda na faɗa wa wannan sai ya girgiza kai ya ce haba, shekara fa kwana 365 ce. Ina ganin uzurinsa, domin kowa kansa yake fara dubawa. Tambayar da ke zuwa ransa ita ce, wa aka haifa rana ɗaya da ni? Alhali abin da ake nema shi ne kowane biyu daga cikin taron, ko da shi ko babu shi.

Musabaha ce ta fi saurin warware mini wannan ƙulli. Idan mutum 23 suka haɗu a wurin ɗaurin aure, kowa ya gaisa da kowa hannu da hannu, na farko zai miƙa hannu sau 22, na biyu ya rage masa 21, na uku 20, har a ƙare. Jimla musabaha 253. Kowace musabaha dama ce guda ta a dace da rana ɗaya. Idan aka aza 253 kusa da 365, mamakin sai ya ragu ƙwarai.

Masu lissafi ta bayan gida suke shigo wa lamarin. Suna fara auna yiwuwar a ce babu ko biyu da suka haɗa rana. Na biyu yana da kwana 364 da zai faɗa bai ci karo da na farko ba, na uku 363, haka filin ke ta ƙuntata har na 23, wanda ya rage masa 343. In aka ninka waɗannan kaso-kaso da juna, abin da ke fitowa kashi 49.3 ne. Ragowar shi ne amsar.

Daga nan lissafin gudu yake yi. Mutum 30, kashi 70. Mutum 50, kashi 97. Mutum 70, kashi 99.9. Malamin da ke da ɗalibai 60 a aji zai iya buɗe rajista da ƙwarin gwiwa. Sai dai tabbaci ɗari bisa ɗari ba ya samuwa sai an kai mutum 367, saboda 29 ga Fabrairu. Ita wannan rana sau ɗaya take zuwa cikin kwana 1,461.

Wanda kuma ya nace sai an samo masa abokin ranarsa shi kansa, to ya tanadi babban zaure: sai ya tara mutum 253 kafin damarsa ta kai rabi.

Filin ƙwallo ya zo daidai wa daida, 'yan wasa 22 da alƙalin wasa. A gasar cin kofin duniya ta 2014 a Birazil, ƙasashe 32 ne suka je, kowace da 'yan wasa 23. Da aka duba takardunsu, ƙasashe 16 cif aka samu da 'yan wasa biyu masu rana ɗaya. Ba kullum rayuwa ke bin lissafi sau da ƙafa haka ba, shi ya sa wannan misali yake burge ni.

Shugabannin Amurka ma ba su tsira ba. James Polk da Warren Harding duk 2 ga Nuwamba aka haife su, ɗaya a 1795, ɗaya a 1865. A ranar mutuwa abin ya fi ɗaure kai: John Adams da Thomas Jefferson sun rasu rana ɗaya, 4 ga Yuli 1826, ranar da ƙasar ke cika shekara 50 da ayyana 'yancinta, James Monroe kuma ya bi su 4 ga Yuli 1831. Abraham Lincoln da masanin halittu Charles Darwin na Ingila kuwa har shekara suka haɗa, 12 ga Fabrairu 1809. Shi kansa wannan lissafi na ranar haihuwa kuwa, masanin lissafi Richard von Mises ne ya wallafa shi a 1939, bayan shekarun da ya yi yana koyarwa a Istanbul.

Bahaushe ranar mako ya fi riƙewa, har ya mai da ita suna: Ladi da Ɗanladi, Talatu, Laraba da Balarabe, Lami da Ɗanlami, Jummai da Ɗanjuma, Asabe da Ɗan'asabe. A nan tunda kwana 7 ne kawai, mutum 4 sun isa damar ta kai kashi 65, mutum 8 kuwa dole ne. Shi ya sa da wuya ka shiga babban gida ba ka tarar da Jummai babba da Jummai ƙarama ba. Ga mai ƙirga da kalandar Hijira, mai kwana 354, adadin nan na 23 bai motsa ba, sai dai damar ta ɗan ɗaga zuwa kusan kashi 52.

Masu tsaron kwamfuta suna ɗaukar wannan lissafi da muhimmanci sosai. Idan na'ura na raba wa saƙonni lambobin shaida, biyu za su ci karo tun kafin a yi nisa, kamar yadda ranaku ke karo a ɗaki. Don haka ne suke tsawaita lambobin ƙwarai da gaske.

Duk lissafin nan an gina shi ne a kan cewa haihuwa ta bazu daidai a kwanakin shekara, kuma ba haka take ba. A Ingila da Amurka watan Satumba ne ya fi cika da jarirai. Duk wani cunkoso irin wannan ƙara damar yake yi, ba ya rage ta. Hassan da Husaini kuwa in suka shigo ɗakin tare, an gama magana.

Akwai cunkoson da takarda ce ta haife shi. Dattawanmu da yawa an haife su a gida, ba rajista, abin da aka riƙe shi ne damina ce ko kaka, watan azumi ne ko bayan babbar salla. Da ranar yin katin shaida ko fasfo ta zo, sai ma'aikaci ya cike gurbin da 1 ga Janairu. Haka aka yi wa ɗimbin 'yan gudun hijirar Somaliya da Sudan da Afganistan da suka isa Turai da Amurka. A Nijar, ranar haihuwar da aka rubuta wa tsohon shugaban ƙasa Mahamadou Issoufou ita ce 1 ga Janairu 1952, ta magajinsa Mohamed Bazoum kuma 1 ga Janairu 1960. A layin 'yan fansho ko sansanin alhazai, mai duba takardu ba ya bukatar mutum 23, sau da yawa biyar ɗin farko sun wadatar.