Dokar Hana Babakere: Wa Take Karewa?

A shekarar 1911 ne Kotun Ƙoli ta Amurka ta ba da umarnin a wargaza kamfanin Standard Oil na John Rockefeller, aka raba shi gida 34. Tun wajen 1880 kamfanin nan ke tace kusan kashi 90 cikin ɗari na man ƙasar, ya kuwa kai ga haka ne ta saye matatun abokan gasarsa da samun rangwame a asirce daga kamfanonin jirgin ƙasa. Amma shekaru da yawa a wannan zamanin farashin kananzir sauka ya yi ta yi. To, in kaya sun yi araha, ina laifin mai babakere?

A nan ne masana suka rabu biyu kan manufar Dokar Sherman ta 1890, wadda da ita aka yi hukuncin.

Kashi na farko, irin su alƙali Louis Brandeis, suna ganin girman kamfani shi kansa abin tsoro ne. Wanda ya mallaki kasuwa shi kaɗai yakan danne ƙananan 'yan kasuwa, ya yanka wa manomi da ma'aikaci kuɗin da ya ga dama, har ya juya akalar masu mulki. A wurinsu gasa mai gadin 'yanci ce.

Kashi na biyu su ne malaman Jami'ar Shikago da almajiransu. A littafinsa na 1978, Robert Bork ya ce ma'auni guda ne, watau amfanin mai saye. In girma ya kawo araha, to, hukunta kamfani daidai yake da hukunta ƙwazo. Kotunan Amurka sun rungumi wannan ra'ayi shekaru da yawa, har Lina Khan ta ƙalubalance shi a 2017 da misalin Amazon, ta nuna cewa kamfani na iya karya farashi yau don ya kashe abokan gasa, gobe ya ci karensa babu babbaka.

Nijeriya ta sami tata dokar gasa da kare masu saye a 2019. Saboda haka duk jami'in da aka kawo wa takardar haɗewar manyan kamfanoni biyu, tilas ya auna arahar da ake yi wa jama'a alkawari da yawan masu sayarwa da za su rage a kasuwa, domin da wuya matatar da aka rufe ta sake buɗewa ranar da farashi ya tashi.