Barci da hawan jini a ƙasar Arewa

Duk wanda aka auna a asibitin Dogondutsi, ko a wata cibiyar lafiya ta CSI a Matankari, Geceme ko Kore Mairuwa, aka ce jininsa ya kai 16 bisa 10, ya san abin da zai ji daga bakin majo, wato jami'in jinya: a rage gishiri da dunƙule, a rage maiƙo, a rage tunani, a riƙa shan ƙwaya kullum, a dawo awo. Babu shawara ko ɗaya a ciki da ba ta kan hanya. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba, a nan ko a manyan asibitocin duniya ma har zuwa 'yan shekarun nan: ƙarfe nawa mutum yake kwanciya, sau nawa yake farkawa, kuma mai ɗakinsa tana kuka da minsharinsa ko a'a. A ganina wannan tambaya ta cancanci zama kusa da ta gishiri, domin barci wani ɓangare ne na jinyar hawan jini, kuma dare a ƙasar Arewa yana da abubuwa da yawa masu cinye shi.

Cutar kanta ba ƙarama ba ce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce masu hawan jini sun tashi daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019, kusan rabinsu ba su san suna ɗauke da shi ba, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun kulawar da ta isa. A Nijar, binciken STEPS na 2021 ya nuna fiye da mutum ɗaya cikin kowane baligi huɗu yana da shi. Ma'aunin shi ne jini ya tsaya a 14 bisa 9 ko sama da haka a awo fiye da ɗaya. Mafi yawan lokuta babu ciwon kai, babu jiri. Mutum yana noma gonarsa, yana cin kasuwarsa, sai a wayi gari baki ya karkace, ɓarin jiki ya shanye, a fara cewa iska ce ta taɓa shi ko jifa aka yi masa, alhali jijiyar ƙwaƙwalwa ce ta gaji da matsin shekaru.

Inda barci ya shigo shi ne nan. Jinin mai lafiya ba ya tsayawa wuri ɗaya dare da rana. In ya yi barci mai nauyi, bugun zuciya yana raguwa, jijiyoyi suna saki, awon yana sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Kamar gona ce da ake bari ta huta: in kullum ana shuka ba hutu, ƙasa takan mutu tun ba a lura ba. Wanda barcinsa ya gajarta ko yake yankewa, jikinsa yana kwana cikin shirin ko-ta-kwana. Sinadaran firgici irin su adrenalin ba sa sauka yadda ya kamata, jijiyoyi suna tsukewa, ƙoda tana riƙe gishiri. Likitoci sun daɗe da gane cewa mutanen da jininsu ba ya sauka da dare sun fi haɗarin shanyewar jiki da ciwon zuciya da na ƙoda, kuma awon da ake yi da hantsi a ɗakin majo ba ya iya nuna wannan.

Hujjojin sun taru a hankali. A 2006 James Gangwisch na jami'ar Kolumbiya a Amurka da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon bin diddigin mutum 4,810 na kusan shekara goma: 'yan shekara 32 zuwa 59 masu barcin awa 5 ko ƙasa da haka, haɗarin kamuwarsu da hawan jini ya ninka na masu barcin awa 7 zuwa 8. A 2009 wani bincike a birnin Shikago, wanda bai dogara ga abin da mutane suka faɗa da baki ba, sai da aka ɗaura musu na'ura a wuyan hannu, ya gano cewa kowace awa ɗaya da ta ragu a barci tana tafe da ƙarin haɗari na kashi 37 cikin ɗari a tsawon shekara 5. Mai shakka zai ce wataƙila damuwa ce ta hana barcin kuma ita ta ɗaga jinin. Don haka gwajin asibitin Mayo na 2021 yake da nauyi: an ɗauki matasa 20 masu ƙoshin lafiya, an taƙaita barcinsu zuwa awa 4 har dare 9, jininsu ya hau, kuma na mata ya fi hawa. A 2022 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta saka barcin awa 7 zuwa 9 cikin ginshiƙai takwas na lafiyar zuciya, tare da abinci da motsa jiki da barin taba.

Tsawon barci rabin zancen ne. Sauran rabin yana cikin minshari, abin da muke mayarwa zolaya, har wasu na ɗaukarsa alamar barci mai daɗi. Matar da ta kwana kusa da mai irin wannan lalura ta san yadda take: minshari ya yi ta hawa, sai ɗif ya ɗauke, ƙirji yana motsi amma iska ba ta shiga, daƙiƙa goma, ashirin, sai ya ja numfashi da ƙarfi kamar wanda aka shaƙe, ya juya, ya koma. Naman maƙogwaro ne ke rufe hanyar iska. Duk lokacin da haka ta faru, iskar da ke cikin jini tana raguwa, ƙwaƙwalwa ta farka a firgice, jini ya yi sama. Wani yana yin haka sau talatin a awa ɗaya, da safe kuma ya rantse barcinsa lafiya lau, sai dai baki a bushe, kai yana nauyi, yana gyangyaɗi a majalisa. Babban binciken da aka fara a 2008 kan 'yan asalin Latin Amurka fiye da 16,000 a Bronks, Shikago, Mayami da San Diyego ya samu ɗaukewar numfashi a barci ga kusan kashi 26 cikin ɗari, amma kashi 1.3 kacal likita ya taɓa gaya wa. Bayan shekara 6, masu lalurar sun fi sauran kamuwa da hawan jini da kimanin rabi, masu fama da rashin barci kuma da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Waɗannan mutane ne, da yawansu 'yan ci-rani masu aikin ƙarfi, da ke zaune a ƙasa mai ɗakunan gwajin barci barkatai. In an kasa gano su a can, babu dalilin zaton ana gano mai minshari na Dankasari ko Dumega.

Daren Arewa kuwa yana da nasa ɓarayin barci. A bazara, Afrilu da Mayu, zafin rana yana wuce digiri 40, ɗakin kwano da na siminti suna riƙe shi har tsakar dare, jiki kuma ba ya samun barci mai nauyi sai zafinsa ya ɗan sauka. Wani bincike na 2022 a ƙasashe 68 ya nuna zafin dare yana rage barci, kuma tsofaffi da mata da mazauna ƙasashe matalauta sun fi cutuwa. Mai fanka yana hannun kuran, wato wutar lantarki, kuma mutanen jihar Doso ba su manta da watannin da suka biyo bayan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Da damina sauro ya karɓi aiki. Sai kuma abin da muke jawo wa kanmu: shayin fada da ake ɗorawa bayan isha, a dafa na farko mai ɗaci, a bi shi da na biyu da na uku, ga goro, ga Nescafé, ga waya a hannu. Rabin sinadarin da ke hana barci a shayi da goro yana nan a jini bayan kimanin awa 5, wato kofin ƙarfe goma yana aiki har ƙarfe uku. Wanda ya kwanta ƙarfe ɗaya, kiran assalatu ya tashe shi wajen biyar, awa huɗu ya samu. Mata kuma ba fada ke hana su ba. Su ne ƙarshen kwanciya, su ne farkon tashi, ga goyo, ga daka, ga rijiya.

Dattijo zai iya cewa kakanninmu ba su san awa takwas ba, sun tashi da asuba sun kama hauya, kuma ba su yi hawan jini ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. A 2015 an auna barcin mutanen Hadza na Tanzaniya, San na Namibiya da Tsimane na Bolibiya, waɗanda ba su da lantarki, aka ga suna yin tsakanin awa 5.7 da 7.1 ne kawai, kuma an san Tsimane da lafiyar jijiyoyi. Amma rayuwarsu ba ta dunƙule da sukari da zama kan babur ba ce, wuni suke a kan ƙafa, babu teɓa, kuma awon nasu na ainihin barci ne, ba na zaman shimfiɗa ba, wanda ya fi haka tsawo. Magidancin da ke zaune a shago a bakin babbar hanyar Yamai zuwa Ƙonni, wuya ya yi kauri, bai gaji rayuwar kakansa ba, don haka ba zai gaji kariyarta ba. Su kakannin ma ba a auna su ba, kuma ba su raba dare suna hira. An ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya son hira bayan isha, kuma ƙailula al'ada ce da malamai suka daɗe suna kwaɗaitarwa.

Suka mafi ƙarfi daga likitoci take fitowa. Na'urar CPAP da ke hura iska ga mai ɗaukewar numfashi tana rage jini da maki 2 zuwa 3 ne kawai a ma'aunin da ake cewa 140 bisa 90 maimakon 14 bisa 9, babban gwajin SAVE na 2016 kuma bai nuna ta rage ciwon zuciya ko shanyewar jiki ba. Ga tsada, ga buƙatar wuta duk dare. Akwai ma fargabar cewa in an yawaita zancen barci, wani zai ajiye ƙwayarsa. Wannan fargaba tawa ce ni ma, kuma ina faɗa ƙarara: barci ba ya maye gurbin amlodifin ko wani maganin da aka rubuta, wanda ya daina sha don ya fara kwanciya da wuri ya jefa kansa cikin haɗari. Amma ƙanƙantar ragin ba ta mayar da shi banza ba. Nazarin da aka tattara a 2002 daga mutum kusan miliyan ɗaya ya nuna cewa ragin maki 2 a lambar sama, in ya game jama'a, yana tafe da raguwar mutuwa ta shanyewar jiki da kimanin kashi 10 cikin ɗari. A gwajin SAVE kuma mutane sun sa na'urar ne kimanin awa 3 kacal a dare. Sannan a inda kuɗin magani na kowane wata yake gogayya da kuɗin hatsi, duk abin da zai taimaki ƙwaya ta yi aiki ba tare da an biya ko dala ba, bai kamata a raina shi ba.

Abin yi a gida sananne ne. Mai hawan jini ya mayar da shayi da goro zuwa kafin la'asar, ya tsayar da lokacin kwanciya guda, kusan ƙarfe goma, don ya samu awa bakwai kafin asuba. A bazara a yayyafa wa tsakar gida ruwa, a watsa ruwa a jiki, a kwana waje cikin gidan sauro. Ƙailula ta rabin awa tana taimako, in ta zarce sai ta ci barcin dare. Mai minshari ya kwanta ta gefe, ya rage ƙiba in yana da ita, kuma ya nisanci ƙwayoyin barci irin su diyazefam da masu talla ke yawo da su, domin suna ƙara sakin maƙogwaro, haka ma giya da taramol. Wanda aka ba maganin sa fitsari ya tambayi majo ko zai sha da safe, don kada ya kwana yana fita. Maigida kuma ya duba aikin da ke kan matarsa mai hawan jini, a rage mata na dare da na asuba.

A cibiyoyin lafiya na Dogondutsi da Tibiri ba sai an jira na'ura ba. Likitocin Toronto sun tsara 'yan tambayoyi tun 2008 waɗanda ake amfani da su a duniya: minshari mai ƙarfi, gajiya da rana, ko wani ya taɓa ganin numfashin ya ɗauke, da kaurin wuya fiye da santimita 40, abin da igiyar awon tela ta isa ta nuna. Minti biyu sun ishi majo, musamman in matar ko mijin mara lafiya yana wurin, tunda mai barci ba ya jin kansa. Wanda ke shan magani iri uku jininsa ya ƙi sauka shi ne na farko da ya kamata a yi wa waɗannan tambayoyi, domin a cikin irinsu ne ɗaukewar numfashi ta fi yawa, kuma shi ne ya cancanci takardar turawa zuwa Doso ko Yamai.