Duba haƙori kafin babban magani

Kafin a fara wa mai ciwon daji gashi da na'ura, ko a yi wa mutum dashen ƙoda ko tiyatar zuciya, likitoci kan tura shi wurin likitan haƙori. Majinyacin da ya taso daga Rigachikun zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yakan ɗauki wannan a matsayin ɓata lokaci, tunda haƙorinsa ba ya ciwo. Sai dai haƙorin da jijiyarsa ta mutu yakan daina ciwo, alhali mugunya na kwance a gindinsa. Garkuwar jiki ce ke danne ta.

Maganin daji da ake sa wa ta jijiya yana rage fararen ƙwayoyin jini, galibi tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an sa shi. A wannan tsakanin ƙurjin da ya yi shekaru yana barci yana iya watsuwa cikin jini. Haka abin yake ga wanda aka yi wa dashen ƙoda, aikin da asibitin Malam Aminu Kano ya fara tun 2002, domin zai zauna a kan magungunan rage garkuwa muddin ƙodar na jikinsa. Mai lalatattun ƙofofin zuciya kuwa, ƙwayoyin cutar baki suna iya maƙalewa a kansu.

Gashi da na'ura a kai da wuya ya fi kowanne tsanani. Yana busar da miyau, ya rage jinin da ke ratsa ƙashin muƙamuƙi, har abada. Idan aka cire haƙori bayan gashi, ramin yana iya ƙin warkewa, ƙashin ya mutu. Shi ya sa ake cire wanda ba ya gyaruwa aƙalla mako 2 kafin a fara.

Binciken kansa ba shi da wuya. Likita zai ƙwanƙwasa haƙora ɗaya bayan ɗaya, ya auna zurfin dasashi, ya ɗauki hoton muƙamuƙi. Haƙori mai kogo a cike shi, daskararren datti a kankare, guntun saiwar da ya karye a tono shi.

Kanumfari da ƙwayar kemis suna kwantar da zogi ne kawai, shi ya sa ya kamata a gaya wa likita ko da ciwon bara ne. Da yake Rigachikun tana bakin Kaduna, ana iya gama wannan a sashen haƙori na asibitin Barau Dikko tun ana jiran ranar da aka bayar a Shika.