Taron masu filaye a Paraku da Jugu: wa aka gayyata, kuma yaushe aka faɗa masa?

Duk mai fili a gefen garin Paraku ko Jugu ya san kalmar lotisman, wato aikin yanka unguwa, a fitar da tituna da wurin makaranta da kasuwa, sannan a sake zaunar da kowa a kan filinsa. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, kafin mai awo ya kafa turke ko ɗaya, an riga an zauna taro, an ɗaga hannu, an sa hannu a takarda. Kuma sau da yawa 'yan uwanmu na Zango ba sa cikin ɗakin.

Dalilin ba boyayye ba ne. Hausawan waɗannan garuruwa fatake ne tun zamanin ayarin goro da ke bi ta Jugu tsakanin Kano da ƙasar Gonja, kuma har yau sana'ar tafiya ce. Wannan yana Malanbil, wancan ya yi Kwatano da shanu, wani ya ƙetara Najeriya sarin kaya. To idan mai shela ya zagaya da yammacin Alhamis ya ce akwai taro Asabar da safe, wa ya ji?

Dokar filaye ta Benin, mai lamba 2013-01 ta ranar 14 ga Agusta 2013, wadda aka yi wa gyara a 2017, ta tanadi ƙungiyar masu filaye da ake kira AIF a taƙaice. A aikin lotisman, masu filayen yankin su ne mambobi, su ke zaɓen shugabannin da za su yi hulɗa da ofishin magajin gari da masu awo. A irin waɗannan zama ne ake maganar kuɗin da kowa zai biya, da kuma babban abin da ke tayar da jijiyar wuya: kason da za a rage daga kowane fili domin hanyoyi da wuraren jama'a. Lissafin ba wuya. Mai fili murabba'in mita 500, in an rage kashi 30 cikin 100, saura 350. In kashi 40 ne, saura 300. Mita 50 ɗin nan da ke tsakani ai ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida. Wanda bai zo taro ba, sai dai ya ji labari.

Shekaru masu yawa ƙungiyoyi a Benin suna tafiya ne a kan dokar Faransa ta 1 ga Yuli 1901, wadda ta bar wa kowace ƙungiya ta tsara yadda za ta riƙa kiran taro a cikin kundinta. A watan Yulin 2025 ƙasar ta yi tata sabuwar dokar ƙungiyoyi. Ko a da ko a yanzu, takardar da mamba zai fara nema ita ce kundin ƙungiyar tasa, wanda a Faransanci ake ce wa statut. A nan ne ake rubuta kwana nawa za a bayar kafin taro, ta wace hanya, da mutum nawa za su hallara kafin shawara ta zama shawara. Matsalar ita ce kundin da Faransanci yake, kuma kwafinsa yakan kwana a jakar sakatare. Dattijon da ya sauke Alƙur'ani, yake rubuta ajami kamar ruwa, ba lallai ya iya karanta shafi ɗaya a ciki ba. Wannan ba laifinsa ba ne, amma filinsa ne zai biya.

Wasu ƙasashe ba su bar abin ga ganin damar shugabanni ba. A Faransa, masu gidaje a bene ɗaya dole a aika musu da gayyata aƙalla kwana 21 kafin babban taro, tare da jerin abubuwan da za a tattauna, kuma ba a zartar da hukunci a kan abin da ba ya cikin jerin. Wanda bai halarta ba ko ya ƙi amincewa yana da wata 2 ya kai ƙara bayan an aika masa rahoton taron. A jihar Kalifoniya ta Amurka, shugabannin ƙungiyar masu gidaje sai sun sanar da mambobi kwana 4 kafin su zauna. A Fulorida awa 48 ne, amma in za a ɗora wa mutane wani kuɗi na musamman sai an ba da kwana 14. Ba ma sai an je nesa ba: dokar kasuwanci ta OHADA, wadda ke aiki a Benin da Nijar, ta ce a kira masu hannun jari a ƙaramin kamfani kwana 15 kafin taro. Idan kamfanin mutum uku yana da wannan kariya, ina ga unguwa guda?

Ni a ganina jerin abubuwan tattaunawa ya fi yawan kwanakin muhimmanci. A ce maka "akwai taron unguwa" daban ne da a ce "za a yanke shawara kan kason ragi da kuɗin awo". Na farko kana iya cewa Allah ya ba da sa'a, ka wuce kasuwar Arzeke. Na biyu kuwa, ko kana Kandi za ka nemi mota.

Hanyoyin isar da saƙo muna da su, sai dai kowace da raminta. Sanarwar bayan sallar Juma'a tana kai wa ga maza, amma hajiyar da ta gaji fili daga mahaifinta ko mijinta fa? Sau da yawa sai an gama ta ji, daga bakin yaro. Takardar da aka liƙa a ofishin gunduma, masu wucewa ta can ne kawai ke gani. Gidajen rediyo irin su Fraternité FM a Paraku da Solidarité FM a Jugu suna shiga gida-gida, amma sai an duba da wane harshe aka karanta sanarwar, Dendi ne, Bariba ne, ko Faransanci. WhatsApp ya fi su sauri, saƙon murya da Hausa ya wadatar, kuma yana barin shaidar rana da lokaci. Amma wanda ba a sa lambarsa a zauren ba, shi da wanda ba shi da waya duk ɗaya.

Akwai kuma zancen lokaci. Taron da aka sa ƙarfe ɗaya na ranar Juma'a, ko daf da shan ruwa a watan azumi, ko ana jibi Sallar layya lokacin da masu raguna ba sa ko zama, an gayyace ka a takarda, amma a zahiri ba a gayyace ka ba. Ba sai da mugun nufi ake yin haka ba. Wani sa'in cikin shugabannin ne babu wanda zai ce, malam, wannan ranar ba za ta yi ba.

Mai shirin tafiya yana iya rage wa kansa asara tun kafin ya ɗaura kaya. Ya tabbatar sunansa da lambarsa na yanzu suna cikin rajistar ƙungiya, domin filaye da yawa har yau da sunan wanda ya sayar ko mamaci suke. Ya nemi kwafin kundin, ya sa ɗan makaranta ya karanta masa sashen kiran taro. In kundin ya yarda da wakilci, ya bar takarda a rubuce ga ƙane ko ɗa, da kwafin katin shaida. In ya dawo ya tarar an yi taro, ya nemi rahoton zaman da takardar da mahalarta suka sa hannu, ya kai kokensa a rubuce ga shugabannin da ofishin magajin gari, ya karɓi shaidar cewa an karɓa. Koken baki a ƙofar mai unguwa yana da daraja a wurinmu, amma ranar da magana ta kai gaban alƙali, takarda mai kwanan wata ce za a tambaya.