Makarantar Da Aka Fara A Ƙarƙashin Coci

Yau ba labarin soyayya na kawo muku ba, ko da yake akwai bazawara a ciki, akwai kuma gulma. Labarin wata makarantar sakandare ce a birnin Washington na ƙasar Amurka, wadda na ci karo da tarihinta ina neman abin da zan rubuta, sai ga shi na kwana ban rufe littafin ba.

A shekarar 1870, shekara biyar kacal da hana bauta a ƙasar, doka ba ta yarda ɗan baƙar fata ya zauna aji ɗaya da ɗan Bature a wannan birni ba. Sai aka buɗe wa baƙaƙe tasu a wani ɗaki da ke ƙarƙashin coci. Ita ce sakandaren gwamnati ta farko ta baƙar fata a duk Amurka. Daga baya aka san ta da M Street, a 1916 kuma ta koma sabon gini aka raɗa mata Dunbar.

To ku ji abin mamaki. Wariyar da aka yi don a danne su, ita ta tara musu malaman da ko jami'a sai ta yi alfahari da su. Baƙin mutum ya yi digiri har da digirgir, jami'o'in Turawa ba za su ɗauke shi aiki ba, ina zai nufa? Sai nan. Mary Jane Patterson, baƙar mace ta farko da ta samu digiri a Amurka a 1862, ta shugabanci makarantar fiye da shekara goma.

Amma wadda ta tsaya mini a rai ita ce Anna Julia Cooper. An haife ta cikin bauta a 1858, uwarta baiwa ce. Ta yi aure, shekara biyu mijin ya rasu, ba ta sake wani ba. Ta zo M Street tana koyar da lissafi da Latin, a 1902 aka ba ta shugabanci. A lokacin akwai manya da ke ganin ɗan baƙar fata sana'ar hannu ta ishe shi, namiji kafinta, mace ɗinki da girki. Ita kuwa ta ce ba ta raina sana'a ba, amma yaron da ke da kai a bar shi ya wuce. Haka ta dage har ɗalibanta suka shiga Harvard da Yale da Brown.

Ai kuwa sai ta taɓo tsuliyar dodo. Aka ce ba ta iya riƙe makaranta ba, aka ce yara sun lalace a hannunta. Da wannan bai wadatar ba sai aka koma ga mutuncinta, aka yi ta raɗe-raɗi a kanta da wani malami da ke zaune a gidanta. Ku da kanku kun san wannan makamin, mace in an rasa ta inda za a kama ta, nan ake zuwa. Wallahi da na zo wurin nan sai da na ajiye littafin na yi tagumi, don na tuna wata malamarmu da irin wannan magana ta kora daga garinmu ina aji uku. A 1906 aka sauke Anna.

Kuna zaton ta zauna kuka? Ta tafi jihar Missouri ta koyar shekara huɗu, a 1910 ta dawo makarantar da ta shugabanta a matsayin malamar aji kawai. Ni kam ban san ko zan iya wannan ba. Ta ɗauki marayu biyar na danginta ta riƙe, kuma duk da haka a 1925, tana da shekara 66, ta kare digirinta na dakta a jami'ar Sorbonne ta Faransa, da Faransanci.

Cikin yaran da makarantar ta yaye akwai Charles Drew, likitan da ya yi fice a hanyar adana jini don ƙara wa marasa lafiya. Akwai Benjamin Davis, baƙin farko da ya zama janar a sojan Amurka a 1940. Akwai kuma lauya Charles Houston, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana yaƙar wariya a kotu, ya rasu a 1950 bai ga ƙarshenta ba.

A 1954 Kotun Ƙoli ta haramta wariya a makarantun gwamnati. Abin murna ne, ba mai musu. Sai dai Dunbar ta daina zaɓo haziƙai daga ko'ina a birnin, ta koma makarantar unguwa, malamai irin na da kuma ƙofofi sun buɗe musu a wasu wurare. Sunanta ya yi ƙasa sosai. A 1977 aka rushe tsohon ginin duk da roƙon tsofaffin ɗalibai, wanda ake ciki yanzu a 2013 aka buɗe shi.

Anna ba ta ga rushewar ba. Ta rasu a 1964 a birnin na Washington, tana da shekara 105.